Fats Waller: Tambayoyi da Amsoshi Kan Makaɗin Fiyanon Harlem

Duk wanda ya fara bin tarihin kiɗan jaz na farko-farko, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da wani ƙaton mutum zaune gaban fiyano, malfa a karkace, yana ɗaga gira yana murmushin tsokana. Fats Waller ke nan. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin masu sauraronsa da masu koyon fiyano suka fi maimaitawa.

1. Wane ne Fats Waller?

Sunansa na yanka Thomas Wright Waller. An haife shi a birnin Niyok na Amurka ranar 21 ga Mayu, 1904, ya rasu ranar 15 ga Disamba, 1943, yana da shekara 39. Baƙar fata ne, a unguwar Harlem ya tashi. Makaɗin fiyano ne, mawaƙi, mai tsara karin waƙa, kuma ɗan barkwanci. Laƙabin "Fats" saboda ƙibarsa aka sa masa tun yana yaro, ya bi shi har kabari. Waƙoƙin da aka yi wa rajista da sunansa sun haura 400, biyu daga ciki kuwa, "Ain't Misbehavin'" da "Honeysuckle Rose", har gobe babu makaɗin jaz da zai ce bai san su ba.

2. Yaya ɗan mai wa'azi ya ƙare a gidajen rawa?

Mahaifinsa, Edward Waller, mai wa'azin Kirista ne na ɗariƙar Baftis, kuma yakan tsaya bakin titi a Harlem yana wa'azi. Yaron ne ke raka shi da ƙaramin ogan mai famfon ƙafa, wato abin kiɗa mai maɓallai kamar fiyano wanda iska ke fitar da sautinsa. Mahaifiyarsa, Adeline, ita ce mai kunnen kiɗa a gidan, ita ta fara ɗora masa yatsu a kan fiyano yana wajen shekara 6. Uban yana son ɗan ya tsaya ga kiɗan coci, jaz kuwa a wurinsa kiɗan shaiɗan ne.

Yana shekara 15 ya samu aiki a gidan silima na Lincoln da ke Harlem. Lokacin finafinai ba su da murya, sai an zaunar da makaɗi yana bin hoton da kiɗa: in ana gudu ya zabura, in ana kuka ya sassauta. A 1920 mahaifiyarsa ta rasu, zama da uban ya gagara, sai ya kwashe kayansa ya koma gidan su wani makaɗin fiyano, Russell Brooks. Daga nan hanyar ta miƙe zuwa wurin malaminsa, kamar yadda amsa ta 4 ta bayyana.

3. Ana cewa salonsa "stride" ne. Mene ne wannan?

Kalmar tana nufin dogon taku, kuma hannun hagu ake nufi. Ka ɗauka kiɗan yana tafiya ɗaya, biyu, uku, huɗu. A kan ɗaya da uku hannun hagu yana can ƙasan fiyano yana buga murya mai kauri. A kan biyu da huɗu sai ya yi tsalle ya dawo tsakiya ya danna muryoyi uku ko huɗu a haɗe. Haka zai yi ta kai da komo, ba tsayawa, ba kuskure, ido ma ba ya kan hannun. Shi kuma hannun dama yana can sama yana sha'aninsa: ya rera karin, ya yi masa ado, ya saɓa wa bugun da gangan sannan ya dawo. Mutum ɗaya ya zama mai ganga, mai gurmi da mai rera waƙa a lokaci guda.

Salon ya tsiro ne daga ragtime, kiɗan da ya gabaci jaz, sai dai ragtime ana bin abin da ke rubuce ne, dogon taku kuwa ya fi sakin jiki da ƙirƙira nan take. Abin da ya ba Waller fifiko shi ne girman hannu. Ƙaramin yatsa da babban yatsansa na hagu suna kama muryoyi biyu masu tazarar maɓalli goma cikin sauƙi, ya yi ta tafiya da su kamar mai hawa matakala. Ga nauyin hannu, ga taushi. Wasu gwanayen suna buga wannan salon kamar ana korar su. Shi nasa bugun a natse yake, kamar tafiyar ƙosasshen ingarma.

4. Wa ya koya masa?

James P. Johnson, wanda ake ɗauka uban wannan salo. Kafin su haɗu ma Waller ya riga ya fara karatu a wurinsa ba tare da ya sani ba. A zamanin akwai fiyano mai buga kansa: ana saka masa naɗin takarda mai huda-huda, iska ta bi ta cikin hudojin, maɓallai su riƙa lotsawa da kansu. Akwai irinsa a gidan Brooks. Waller yakan sa naɗin kiɗan Johnson mai suna "Carolina Shout", ya rage gudun, ya riƙa ɗora yatsu inda maɓallan suka lotsa, har ya haddace. Brooks ne ya haɗa su, Johnson ya ɗauke shi almajiri, ya gyara masa hannun hagu, ya riƙa shiga da shi wuraren da manya ke karawa, irin su Willie Smith da ake wa laƙabi da Zaki.

Waller shi ma ya koyar. Count Basie, wanda daga baya ya jagoranci ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin jaz, a gefen Waller ya zauna a silimar Lincoln yana koyon ogan.

5. Mene ne bikin kuɗin haya da ake yawan ambata a tarihinsa?

Ajo ne, sai dai irin na Harlem. Baƙaƙen fata sun yi ta ƙaura daga kudancin Amurka zuwa biranen arewa, unguwannin da aka yarda su zauna kaɗan ne, don haka masu gidaje suka tsuga haya. In wata ya kusa ƙarewa aljihu babu nauyi, sai mai ɗaki ya ture kujeru gefe, matarsa ta dafa abinci, a kira makaɗin fiyano, duk mai shiga ya biya 'yan sulalla a ƙofa. Daga 1920 zuwa 1933 doka ta hana sayar da giya a Amurka, to a irin waɗannan ɗakuna ake shan ta ɓoye. Kafin gari ya waye an haɗa na haya.

Ga makaɗi, wannan ce makaranta. Ɗaki a cushe, ƙafafu na dukan daɓen katako, fiyanon ma sau da yawa tsoho ne, babu lasifika. In bugunka ba shi da ƙarfi, hayaniya ta haɗiye ka. Sannan ga abokan karawa a tsaye bayanka suna jiran ka gaji su karɓi kujerar. A nan Waller ya koyi riƙe jama'a da hannu da baki, a nan kuma ya saba da kwalbar da ta cuce shi daga baya. Waƙarsa ta 1937, "The Joint Is Jumpin'", hoton irin wannan dare ce, har da ihu da isowar 'yan sanda a ƙarshe.

6. Waɗanne waƙoƙi ne nasa na kansa, kuma wa ke rubuta baitocin?

Waller karin yake tsarawa, wani ya sa kalmomi. Babban abokin aikinsa shi ne Andy Razaf, wanda aka haifa a Washington a 1895, kuma jinin sarautar Madagaska ne ta wajen uba. Halinsu ya sha bamban: Razaf mai tsari ne da kiyaye alkawari, Waller kuwa sai an tsare shi a ɗaki kafin a samu aiki daga hannunsa. In an samu ya zauna, karin yana zubo masa kamar famfo.

Shekarar 1929 ita ce kakarsu. A cikinta suka yi "Honeysuckle Rose", suka kuma yi waƙoƙin wasan dandamali mai suna Hot Chocolates tare da Harry Brooks. Wasan ya fara ne a gidan rawa na Connie's Inn a Harlem kafin ya koma Broadway, unguwar manyan gidajen wasa. A cikinsa "Ain't Misbehavin'" ta fito, mai busa kakaki Louis Armstrong ya busa ta ya rera ta, sunansa ya ƙara tashi. Kafin wannan akwai "Squeeze Me" ta 1925 tare da Clarence Williams, da wasan Keep Shufflin' na 1928. A kiɗa zalla marar baiti akwai "Handful of Keys", sai "Jitterbug Waltz" ta 1942.

A kula, da yawa daga cikin faifan da suka fi karɓuwa da muryarsa ba shi ya tsara su ba. "I'm Gonna Sit Right Down and Write Myself a Letter" ta 1935, misali, aikin Fred Ahlert da Joe Young ce. Dalilin haka yana amsa ta 11.

7. Duk waƙoƙin nishaɗi ne, ko ya taɓa batun wariyar launin fata?

Ya taɓa, a "Black and Blue", ita ma daga Hot Chocolates. Sunan yana da harshen damo: baƙi da shuɗi shi ne launin fatar da ta sha duka, kuma yana nufin baƙin mutum mai baƙin ciki. A cikin wasan, wata mace ce mai duhun fata take kukan maza sun fi son masu haske. Da Armstrong ya ɗauke ta a faifai sai ya bar wannan gabatarwar, waƙar ta koma kukan baƙar fata gaba ɗaya a ƙasar da ke wulaƙanta shi. Abin lura, Connie's Inn ɗin da aka fara rera ta, baƙaƙe ne a kan dandamali, masu kallo kuwa fararen fata.

8. Da irin waɗannan waƙoƙi, me ya hana shi yin arziki?

Haƙƙin mallaka. Kuɗin waƙa ba a ranar da aka tsara ta yake ba, yana biyo baya ne, duk lokacin da aka sayar da takardar karinta, ko aka buga faifai, ko aka sa ta a rediyo. Wanda ya riƙe haƙƙin shi ke cin moriyar. Waller kuwa kullum a matse yake, na yau yake nema. A 1929 ya sayar wa ɗan kasuwar waƙa Irving Mills haƙƙinsa na waƙoƙi wajen 20, har da "Ain't Misbehavin'", a kan dala 500. Sayar da akuya ke nan ana gobe za ta haihu.

Matsin yana da tushe. Ya yi auren fari a 1920 yana ɗan shekara 16, auren bai daɗe ba, kotu ta ɗora masa kuɗin ciyar da matar da ɗansu, shi kuma ba ya biya a kan kari, har gidan yari ya shiga saboda haka. Ga ci, ga sha, ga hannu a sake. Amma kada a ɗora masa laifin duka. Kamfanonin buga waƙa na lokacin sun san baƙin makaɗi ba shi da lauya kuma ba shi da wata ƙofar, suna saye da arha da saninsu. Ana ma ba da labarin cewa shi ma yakan rama, ya sayar da kari ɗaya ga kamfani fiye da ɗaya a yini guda.

9. Gaskiya ne akwai waƙoƙinsa da ke ɗauke da sunan wasu?

An daɗe ana faɗa, musamman a kan "I Can't Give You Anything but Love" da "On the Sunny Side of the Street", waɗanda a hukumance karinsu na Jimmy McHugh ne. Ɗan Waller, Maurice, ya ce uban ba ya son jin su a gida, don suna tuna masa abin da ya sayar. Masana sun rabu a kai, kuma a takarda sunan McHugh ne. Abin da ya sa zancen ya samu gindin zama shi ne halin da aka bayyana a amsa ta 8: kowa ya san Waller yana sayar da kari kai tsaye in yunwa ta taso.

10. Labarin sace shi da aka yi aka kai wa Al Capone fa?

Yadda ake ba da shi, a Chicago ne a 1926. Ya fito daga wurin aiki, wasu 'yan bindiga suka tura shi cikin mota suka kai shi wani gida, ashe bikin ranar haihuwar Capone ake yi, babban ɗan dabar birnin, Waller ne kuma tsarabar. Wai kwana uku ya yi yana kiɗa, ya fito aljihu cike da daloli. Labarin ya fi yaɗuwa ta hanyar littafin da ɗansa ya rubuta a kansa. A ji shi a matsayin hirar makaɗa, waɗanda ba a san su da rage gishiri ba.

11. Yaushe ya zama tauraro a faɗin Amurka?

Ya fara ɗaukar faifai tun 1922 a kamfanin Okeh, ya koma Victor a 1926, amma a waɗannan shekaru makaɗa ne suka fi sanin darajarsa. Rediyo ce ta kai shi gidajen mutane. A farkon shekarun 1930 ya samu shiri nasa a tashar WLW ta Cincinnati, mai ƙarfin zango, a nan jama'a suka gane mutumin ba hannu kaɗai gare shi ba, akwai baki.

A 1934 Victor ta fara ɗaukar sa da ƙaramar ƙungiya ta mutum 6 mai suna Fats Waller and His Rhythm. Herman Autrey ne a kakaki, Gene Sedric a sarewar kilarinet da saksofon, Al Casey a gita. Tsarin aikin shi ne, kamfani ya tara sababbin waƙoƙin kasuwa, masu kyau da tarkace, a ajiye masa a kan fiyano. Ya duba sau ɗaya ko biyu, su ɗauka. Faifan garmaho na lokacin minti uku da 'yan kai yake ci a kowane gefe, kuma sun cika ɗaruruwansu cikin shekara 8. In waƙar soyayya ta cika zaƙi har ta gundure shi, sai ya koma yi mata shaƙiyanci: ya maƙale murya kamar mai kuka, ya murɗe kalma, ya jefa habaici tsakanin baiti da baiti, ya yi wa mai busa kirari yana zuga shi. Jama'a suka fi son shaƙiyancin a kan waƙar.

12. Barkwancin bai rufe gwanintarsa ba?

Ya rufe, kuma a ganina wannan ce babbar asarar da aka yi a kansa, ta fi ta dala 500 ɗin nan ciwo. Mutumin da ya ƙware a kiɗan Bach, shahararren Bajamushen mai tsara kiɗa na zamanin da, yake son a zauna shiru a saurare shi, sai ya zama in ya hau dandamali jira ake ya juya ido a yi dariya. A Amurkar wancan zamani ƙofar dariya a buɗe take ga baƙin mutum, ta babban zauren kiɗa kuwa da ƙyar ake tura ta. Da ya samu damar yin wasa nasa na kansa a babban zauren kiɗa na Carnegie da ke Niyok a watan Janairun 1942, daren bai yi armashi ba, masu sharhi da dama ba su yaba ba.

Sai dai kada a ɗauka dariyar dole ce aka sa shi. Halinsa ce, yana jin daɗinta, kuma ita kanta gwaninta ce. Ka sa kunne a ƙarƙashin surutun a kowane faifai na ƙungiyarsa, za ka ji hannun hagun nan na amsa ta 3 yana tafiya daram, ko gezau. Mutum yana zolaya da baki, yana riƙe da mutum biyar da hannu ɗaya.

13. Me ya haɗa shi da ogan, alhali an san shi da fiyano?

Ogan ne abin ƙaunarsa tun na wa'azin uba da na silima. Babban ogan mai bututu ba a yi shi don jaz ba: in ka danna maɓalli, sai iska ta bi bututu kafin sauti ya fito, wannan ɗan jinkirin kuwa yana kashe bugu. Waller ya san yadda zai riga shi. Daga 1926 ya yi ɗauka da dama a wani tsohon coci da kamfanin Victor ya mayar ɗakin ɗaukar sauti a Camden, jihar New Jersey, kuma shi ne na farko da ya sa wannan ƙaton abu ya yi rausaya irin ta jaz. Da ogan mai lantarki na Hammond ya fito, ya rungume shi, da shi ya ɗauki "Jitterbug Waltz".

14. Ya fita waje? Ya yi fim?

Ya je Faris a 1932. A 1938 ya zagaya Ingila da Sikotilan da ƙasashen arewacin Turai, har ya fito a talabijin ɗin BBC tun talabijin na jariri. Ya koma a 1939, a Landan ya tsara jerin kiɗan fiyano guda 6 mai suna London Suite, kowanne da sunan wata unguwa, irin su Soho da Chelsea da Piccadilly. Babu waƙa, babu zolaya. Mai son jin Waller ɗin da aka yi magana a kansa a amsa ta 12, nan zai nufa.

Finafinansa kaɗan ne. Wanda ya fi shahara shi ne Stormy Weather na 1943, tare da Lena Horne da Bill Robinson da Cab Calloway. Fitowarsa ta 'yan mintoci ce, amma ita ce hoton da yawancin mutane ke riƙe da shi: malfa, gira, da "Ain't Misbehavin'".

15. Me ya kashe shi yana da ƙuruciya haka?

Ciwon huhu, a jikin da aka riga aka gajiyar. Shekarar 1943 ta zo masa da aiki ba kama hannun yaro: fim, yi wa sojoji wasa saboda ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ga kuma wasan Early to Bed da ya tsara wa kiɗa, wanda ya buɗe a Broadway a watan Yuni ya kuma karɓu. Wannan wasa ba ƙaramin abu ba ne, domin baƙin mutum ne ya tsara kiɗan wasan da yawancin 'yan wasansa fararen fata ne. A ƙarshen shekara yana aiki a wani gidan rawa a Los Angeles mura mai tsanani ta kama shi. Ya hau jirgin ƙasa zai koma gida tare da manajansa Ed Kirkeby, rai ya yi halinsa a hanya, daidai Kansas City. An yi jana'izarsa a cocin Abyssinian Baptist da ke Harlem, dubban mutane suka halarta, fasto Adam Clayton Powell ƙarami ne ya yi jawabi.

Sunansa ya sake tashi a 1978, da aka haɗa waƙoƙinsa aka yi wasan dandamali mai suna Ain't Misbehavin', wanda ya ci kyautar Tony, babbar kyautar wasannin Broadway.

16. Da wane faifai ya kamata in fara?

Fara da "Handful of Keys", ɗaukar 1 ga Maris, 1929, fiyano zalla. A ji na farko bar kunnenka ya bi hannun dama yadda yake so. A na biyu ka toshe shi, ka bi na hagu kaɗai kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. A wannan ranar ce kuma ya ɗauki "The Minor Drag" da 'yar ƙungiya mai haɗe da baƙaƙe da farar fata, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Eddie Condon, mai kaɗa banjo (abin kiɗa mai tsirkiya kamar gita) a ɗaukar, shi aka ɗora wa alhakin kawo Waller a kan lokaci, kuma ya ce a cikin tasi, a hanyar zuwa, Waller ya tsara abin da za su buga.

Daga nan ka nemi "Your Feet's Too Big" ta 1939 don ka ji ɗan barkwancin, yana yi wa wani tsiya a kan girman ƙafa. Sai "Jitterbug Waltz" don ogan, sai London Suite in dare ya yi. Tsofaffin faifan suna da ƙarar shuu a bayansu, kada ta dame ka, bayan minti ɗaya kunne ya daina jin ta. In da hali ka sa abin ji na kunne maimakon lasifikar waya, domin ƙaramar lasifika muryoyin ƙasa take fara yankewa, a can kuwa hannun hagun yake.